Kimiyyar da ke Cikin Wasan Tseren Mota: Gran Turismo na Ɗaya da na Biyu

Gabatarwa

Wasannin bidiyo na tseren mota suna daga cikin waɗanda yara da matasa suka fi sha'awa, kuma iyaye da malamai da yawa suna ɗaukarsu a matsayin ɓata lokaci kawai. Babu shakka ɗalibin da ya yi watsi da karatu ya wuni a gaban talabijin ya cuci kansa. Amma akwai wani gefe na al'amarin da ya kamata a sani. Motar da ake gani tana gudu a fuskar talabijin ba a ɗauki hotonta da kyamara ba. Na'ura ce take lissafa motsinta sau da dama a cikin kowane sakan guda, kuma ƙa'idojin da take bi wajen wannan lissafi su ne waɗanda ake koyarwa a darasin fiziks na makarantun sakandare. A wannan maƙala za mu ɗauki wani wasa da ake kira Gran Turismo, wanda ya fito a shekarar 1997, da na biyunsa da ya biyo baya a 1999, mu duba yadda na'ura take ƙaga mota daga lambobi, da abin da mai wasa yake koya game da birki da kwana ko da bai sani ba, da kuma inda wasan ya gaza kama gaskiyar titi.

Asalin Wasan

Tun cikin shekarun 1970 aka fara ƙera na'urorin wasan bidiyo na tseren mota, irin waɗanda ake ajiyewa a shaguna, mutum ya jefa tsabar kuɗi ya yi wasa na 'yan mintoci. A 1982 kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fito da Pole Position, wanda a cikinsa ake kallon mota daga bayanta tana zagaya filin tsere na Fuji, fili ne na gaske da ke ƙasar. Sai dai motocin irin waɗannan wasanni ba su cika bin dokokin kimiyya ba, domin gudu da nishaɗi kawai aka sa a gaba.

Wani ma'aikacin kamfanin Sony mai suna Kazunori Yamauchi shi ne ya ƙudiri aniyar yin wasan da motocinsa za su riƙa motsi kamar yadda motocin gaske suke yi. Ya fara aikin a 1992 tare da 'yan mutane kaɗan, tun kafin na'urar PlayStation ta shiga kasuwa a watan Disamba na 1994. Aikin ya ci shekara 5. Ran 23 ga Disamba, 1997, wasan ya fito a Japan, sa'an nan ya isa Turai da Amurka a watan Mayu na 1998. Sunansa daga harshen Italiya aka samo shi, kuma ana amfani da shi ne ga motoci masu gudu da aka ƙera don doguwar tafiya. Wasan yana ɗauke da motoci kimanin 140 da filayen tsere 11. An sayar da faifansa fiye da miliyan 10, watau ya fi kowane wasa na PlayStation ta farko kasuwa.

Tsarin wasan shi kansa abin lura ne. Mai wasa yakan fara da ɗan kuɗi kaɗan, waɗanda ba su isa sayen komai ba sai ƙaramar mota ko kuma ta hannu. Da ita zai shiga ƙananan tsere, in ya ci ya sami lada, ya sayi sababbin tayoyi, ya canza giya, ya gyara sifirin, har ya kai ga sayen babbar mota. Haka kuma ba a barinsa ya shiga manyan tsere sai ya ci jarrabawar lasin, wadda take hawa uku. A gwaji na farko ba a neman komai daga gare shi illa ya tashi mota daga tsaye, ya yi gudu iyakar ƙarfinta, ya tsayar da ita cak a wani wuri da aka shata a nisan mita 1,000. Wanda ya taka birki da wuri ya ɓata lokaci, wanda ya makara kuma ya zarce wurin. Za mu ga nan gaba cewa wannan ɗan gwaji darasin fiziks ne sukutum.

Yadda Hoto ke Motsi

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne babu abin da yake motsi a fuskar talabijin. Hotuna ne tsayayyu ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, kowane ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, sai ƙwaƙwalwar mai kallo ta haɗa su ta ga kamar motsi. A silima hoto 24 ake nunawa a sakan guda. Gran Turismo yana nuna hoto 30 a sakan a tsarin talabijin na Japan da Amurka, 25 kuma a tsarin da ƙasashen Turai da Nijeriya suka yi amfani da shi a wancan zamani.

Bambancin silima da wasa shi ne, hotunan silima an riga an ɗauke su an ajiye, amma na wasa ba a san su ba sai mai wasa ya danna madanni. Saboda haka dole na'ura ta zana kowane hoto sabo fil a cikin kashi ɗaya cikin 30 na sakan. Hanyar da take bi ita ce ta gina kowane abu da ƙananan alwatika, watau siffofi masu kusurwa uku. Jikin mota, da titi, da bishiyoyi, da gine-gine, duk tarin alwatika ne da aka jera gefe da gefe, aka shafa musu launi. An zaɓi alwatika ne domin kusurwoyi uku koyaushe suna kwanciya a kan shimfiɗa guda, kamar yadda murhu mai duwatsu uku yake riƙe tukunya ba ta girgiɗi. A ƙwaƙwalwar na'ura kowace kusurwa lambobi uku ce: matsayinta a faɗi, da tsawo, da zurfi. Kafin a zana hoto sai na'urar ta lissafa inda kowace kusurwa za ta faɗa a fuskar talabijin, bisa ƙa'idar cewa abin da yake nesa yakan ƙanƙance, na kusa kuma ya girma.

Na'urar da ta yi wannan aiki ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada ta da na yau. Ƙwaƙwalwar PlayStation ta farko tana bugawa sau miliyan 33 da ɗoriya a sakan, kuma babbar ma'ajiyar da take aiki da ita megabait 2 ce tak. Hoto guda da aka ɗauka da wayar hannu ta zamani sau da yawa ya fi haka girma. Wata kasawarta kuma ita ce ba ta iya ajiye kusurwar alwatika a tsakanin ɗigo biyu na fuskar talabijin, sai dai ta tura ta zuwa ɗigo mafi kusa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa wanda ya kalli wasan da kyau zai ga titi da bango suna ɗan rawa.

Masu wasan sun ɓoye wani sashe a cikinsa wanda yake nuna hoto 60 a sakan maimakon 30, amma sai da suka rage kayan da ke gefen hanya kafin hakan ya yiwu. Dalilin a fili yake. Idan lokacin zana hoto ya ragu da rabi, dole abin da za a zana ya ragu. Amfanin ƙarin hotunan kuwa shi ne, motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 2 tsakanin hoto da hoto idan 30 ne a sakan, amma idan 60 ne ba ta cika mita 1 ba, don haka mai wasa ya fi ganin abin da ke faruwa da wuri.

Lissafin da ke Tuƙa Motar

Kafin na'ura ta zana mota dole ta san inda motar take. A nan ne dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 suke shigowa. Dokarsa ta biyu ta ce ƙaruwar gudun abu daidai take da ƙarfin da ya tura shi, a raba da nauyinsa. Alal misali, idan mota mai nauyin kilo 1,000 ta sami turi na niyuton 3,000 daga tayoyinta, gudunta zai riƙa ƙaruwa da mita 3 a sakan cikin kowane sakan. A cikin kashi ɗaya cikin 30 na sakan ke nan gudun zai ƙaru da mita 0.1 a sakan.

Hanya mafi sauƙi ta bin sawun motar ita ce a datsa lokaci gunduwa-gunduwa. A kowace gunduwa na'ura za ta duba abin da mai wasa ya danna, ko totur ne, ko birki, ko sitiyari. Za ta lissafa ƙarfin da inji yake bayarwa a wannan giya, ta cire abin da iska take ragewa, ta raba saura da nauyin mota, ta sami sabon gudu. Daga sabon gudun za ta sami sabon matsayi, ta zana motar a can, sa'an nan ta koma farko. Wannan dabara ta warware lissafin motsi taki-taki ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, domin masanin lissafi Leonhard Euler ya bayyana ta tun a ƙarni na 18. Abin da kwamfuta ta ƙara kawai shi ne sauri da rashin gajiya.

Saboda haka a wurin na'ura mota jerin lambobi ce: nauyinta, da ƙarfin injinta, da tazarar giyoyinta, da tsawon da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, da taurin sifirinta. Idan aka canza lambobin an canza mota. Shi ya sa mai wasa yake jin bambanci tsakanin ƙaramar Mazda da ƙatuwar Dodge, alhali lissafi iri ɗaya ne yake tuƙa su duka.

Iska ma tana da nata lissafin. Ƙarfin da take tare mota da shi yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa: idan gudu ya ninka biyu, tarewar iska ta ninka huɗu, ƙarfin injin da ake bukata don keta ta kuwa ya ninka takwas. Wannan ne ya sa mai wasan da ya kashe kuɗi ya ninka ƙarfin injinsa yakan yi mamakin ganin iyakar gudun motar bai ƙaru da yawa ba.

Taya, Kwalta da Birki

Komai ƙarfin inji, mota ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowane bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Duk abin da mota za ta yi, tashi ne, ko tsayawa, ko juyawa, ta waɗannan wurare huɗu yake bi, ta hanyar gogayya tsakanin roba da titi. Ita kuwa gogayya tana da iyaka. Masana suna auna wannan iyaka da wata lamba da za mu kira ma'aunin gogayya, watau mafi girman ƙarfin riƙo da taya za ta iya bayarwa, a raba da nauyin da ke danne da ita. Ga tayar mota ta yau da kullum a kan busasshiyar kwalta, lambar takan kama daga 0.7 zuwa sama kaɗan. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko hanyar burji tana raguwa sosai.

Yanzu sai mu koma ga gwajin lasin na farko. Nisan da mota take ci daga lokacin da birki ya kama zuwa tsayawarta ana samunsa kamar haka: a ribanya gudu da kansa, sa'an nan a raba da 2 sau ma'aunin gogayya sau 9.8. Ita lambar 9.8 ita ce ƙaruwar gudun abin da yake faɗowa ƙasa, kuma dole a auna gudu da mita a sakan. Bari mu ɗauki ma'aunin gogayya a 0.7. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 16.7 a sakan, kuma lissafin ya nuna za ta tsaya bayan kimanin mita 20. Wadda ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33.3 a sakan, za ta tsaya bayan kimanin mita 81. Gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. Idan ruwa ko yashi ya rage ma'aunin gogayya zuwa 0.35, nisan zai koma mita 40 da mita 162.

Har ila yau wannan lissafi bai haɗa da lokacin da direba yake ɗauka tsakanin ganin haɗari da taka birki ba. Idan ya ɗauki sakan guda kawai, motar da ke gudun kilomita 120 ta riga ta ci mita 33 kafin birki ya fara aiki. Jimla ke nan mita 114, watau fiye da tsawon filin ƙwallon ƙafa. Mai wasa yakan gano wannan ƙa'ida da hannunsa, domin wurin da ya saba taka birki da ƙaramar mota ba ya yi masa aiki da zarar an ba shi mai gudu. Dole ya fara birki tun da nisa, fiye da yadda idonsa yake gaya masa.

Shan Kwana

Dokar Newton ta farko ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da miƙewa sai in wani ƙarfi ya karkatar da shi. A kwana, gogayyar taya ce take jawo mota zuwa ciki. Mafi girman gudun da za a iya shan kwana da shi ya dogara ga ma'aunin gogayya da kuma buɗewar kwanar. Idan muka ɗauki kwana a matsayin yanki na da'ira mai mita 50 daga tsakiya zuwa baki, da ma'aunin gogayya 0.7, iyakar gudun kimanin kilomita 67 ne a awa. Idan da'irar ta kai mita 100, iyakar ta zama kimanin kilomita 94. Wanda ya wuce wannan iyaka, ko ya murɗa sitiyari har ƙarshe, motar za ta zame ta bar hanya.

Daga nan aka samo dabarar da jarrabawar lasin take koyarwa. Mai tsere yakan tunkari kwana daga gefen waje na hanya, ya ratso ya taɓa gefen ciki a tsakiyar kwanar, ya sake fita ta gefen waje. Da haka ya mai da matsattsiyar kwana ta zama buɗaɗɗiya. Wannan dabara ta filin tsere ce kawai, inda duk motoci suke fuskantar gefe guda. A titin jama'a yanke kwana shiga hannun mai tahowa ne.

Wani abin da wasan yake koyarwa shi ne riƙon taya guda ɗaya ne, kuma birki da juyawa daga gare shi suke ci, kamar kuɗin cefane da in an kashe a nama ba a same su wajen mai ba. Amma rabon ba na tarawa da ɗebewa ba ne, yana bin ƙa'idar Pythagoras ce, domin ƙarfin birki da na juyawa suna gicciye da juna. Idan birki ya ci kashi 80 cikin 100 na riƙon, abin da ya rage wa juyawa kashi 60 ne, saboda 0.8 sau 0.8 a tara da 0.6 sau 0.6 daidai yake da 1. Idan kuwa birki ya cinye duka, babu abin da ya rage, sai motar ta miƙe ko da an juya sitiyari. Shi ya sa ake so a gama yawancin birki tun kafin a shiga kwana.

Nauyin mota kuma ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka taka birki yakan koma kan tayoyin gaba, abin da duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ji a jikinsa. Idan aka taka totur yakan koma baya. Tayar da aka danne ta fi riƙo, wadda aka sauke wa nauyi kuma ta fi saurin zamewa. Wasan ya kasa motocinsa bisa wurin da inji yake da kuma tayoyin da yake juyawa. Motar da injinta yake juya tayoyin gaba takan ƙi shan kwana idan aka matsa mata, domin tayoyin gaban suna aiki biyu, ja da juyawa. Wadda injinta yake juya na baya kuwa, in aka cika mata totur a kwana, bayanta ne yake wulwulowa. Mai juya tayoyi huɗu tana raba aikin, don haka ta fi kama ƙasa wajen tashi.

Abin da Wasa na Biyu ya Ƙara

Gran Turismo 2 ya fito a watan Disamba na 1999, a kan na'urar nan dai ta PlayStation, ba tare da an ƙara mata komai ba. Duk da haka adadin motoci ya tashi daga kimanin 140 zuwa kusan 650, filayen tsere daga 11 zuwa 27, matakan lasin kuma daga 3 zuwa 6. Wasa na farko yawancin motocinsa na Japan ne, da 'yan kaɗan daga Amurka da Ingila. Na biyu ya shigo da na Jamus, da Italiya, da Faransa, ciki har da Peugeot, wanda motocinsa ba baƙi ba ne a titunanmu.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi na'ura mai megabait 2 ta ɗauki mota 650? Amsar ita ce ba ta ɗauke su a lokaci guda. Akwai bambanci tsakanin faifai da ma'ajiyar aiki, kamar bambancin rumbu da ƙwaryar awo. Faifan CD guda yana ɗaukar kimanin megabait 650, kuma wasa na biyu a faifai biyu ya zo. Motoci duka suna ajiye a faifai, amma a kowane tsere mota 6 ce kawai take kan fili, kamar yadda yake a wasa na farko. Kafin a fara tsere na'ura takan ɗebo lambobin waɗannan motoci 6 da na fili guda, ta zuba a ma'ajiyar aiki. Wannan ɗiba ita ce jiran da mai wasa yake yi kafin a tashi. An faɗaɗa rumbu, ƙwaryar kuwa tana nan yadda take.

Filayen wasa na farko duk ƙagaggu ne. Na biyu ya kawo filin gaske na Laguna Seca da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya shahara da wata kwana da titi yake gangarawa kimanin mita 18 a ɗan gajeren nisa. A saman irin wannan gangara nauyin da ke danne tayoyi yakan ragu, riƙo ya ragu tare da shi, a daidai lokacin da ake bukatar juyawa.

Babban sabon abu ta fuskar kimiyya shi ne tsere a kan hanyar ƙasa, ciki har da wani sashe na hanyar dutsen Pikes Peak ta jihar Kolorado, wadda a lokacin yawancinta tsakuwa ce, sai a 2011 aka kammala shimfiɗa mata kwalta. A irin wannan hanya ma'aunin gogayya ƙarami ne, kuma saman hanyar shi kansa yana motsi a ƙarƙashin taya. Dole mai wasa ya sayi tayoyi na musamman masu manyan haƙora, ya fara birki tun da nisa, ya kuma koyi barin mota ta ɗan zame a gicciye domin tayoyin su tono ƙasa su sami abin turawa. Wanda ya ƙware a kwalta yakan koma ɗan koyo a nan, alhali ƙa'idojin ba su canza ba. Lamba guda ce ta ragu.

Girman wasan ya zo da nasa tsada. An fito da shi cikin gaggawa, kuma faifan farko da aka sayar a Amurka suna da kurakurai. Komai ƙoƙarin mai wasa, ma'aunin da ke nuna ci gabansa ba ya wuce kashi 98.2 cikin 100, wasu kuma motocin da suka tara sun ɓace daga garejinsu. Sai da kamfanin ya gyara ya musanya wa mutane faifai. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Darasin ga ɗalibin kwamfuta shi ne, duk sa'ad da tsari ya ƙara girma, wuraren da kuskure zai iya ɓuya suna ƙaruwa, gwaji kuma yana bukatar lokacinsa. Duk da haka an sayar da faifan wasan fiye da miliyan 9.

Daga Talabijin zuwa Titi

Shin abin da aka koya a wasa yana aiki a motar gaske? An gwada wannan. Daga 2008 zuwa 2016 kamfanonin Sony da Nissan sun gudanar da wata gasa mai suna GT Academy, inda ake zaɓo waɗanda suka fi ƙwarewa a sababbin fitowar wasan, a ba su horo a motocin gaske. Lucas Ordóñez na ƙasar Sifen, wanda ya ci gasar farko, ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa a 2011. Jann Mardenborough na Birtaniya, wanda ya ci ta 2011, ya zo na uku a rukuninsa a wannan tsere a 2013. Haka kuma a watan Fabrairu na 2022 mujallar kimiyya ta Nature ta buga rahoton wani tsarin kwamfuta mai suna GT Sophy, wanda ya koya wa kansa tuƙi a wasan ta hanyar gwaji da maimaitawa, har ya doke zakarun 'yan wasa.

Amma ya kamata a lura cewa waɗannan direbobi sai da suka sha horo na watanni a hannun ƙwararru kafin a bar su su shiga tsere, domin akwai abubuwan da talabijin ba ta koyarwa. Direban gaske yana jin zamewar mota a jikinsa kafin idonsa ya gani. Yana fama da zafi, da gajiya, da tsoro. A wasannin nan biyu mota takan daki bango da gudun kilomita 200 jikinta bai ko lotsa ba, mai wasa ya danna madanni ya sake farawa. A duniyar gaske babu wannan madanni. A watan Maris na 2015 motar Mardenborough ta tashi sama a wani tudu na filin Nürburgring da ke Jamus, ta tsallake shinge, ɗaya daga cikin 'yan kallo ya rasa ransa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Kammalawa

Malamin fiziks zai iya amfani da sha'awar da ɗalibansa suke yi wa irin wannan wasa ya jawo su ga darasi, ko da babu na'urar a makaranta. Ga gwaji mai sauƙi. A samo katako mai tsawon mita guda da guntun tsohuwar taya. A ɗora guntun tayar a kan katakon, a riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har robar ta fara zamewa. A auna tsawon da aka ɗaga gefen daga ƙasa, a raba da nisan da ke kwance a ƙasa daga ƙarƙashin gefen da aka ɗaga zuwa ɗaya gefen. Abin da aka samu shi ne ma'aunin gogayya tsakanin robar da katakon. Sai a sake gwajin bayan an jiƙa katakon, a kuma sake bayan an barbaɗa masa yashi. Daga nan ɗalibai su sa lambobin da suka samu a lissafin birki da aka bayar a sama, su fitar da nisan tsayawa a gudun kilomita 40, da 80, da 120 a awa, sa'an nan su fita filin makaranta su auna kowane nisa da igiya ko da taku, su kafa alama. Ɗalibin da ya tsaya a wannan gefe ya hango alamar kilomita 120 a can nesa zai tuna da ita ranar da ya fara riƙe sitiyari.